Maƙalar da na zaɓa don tsufanta

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun saba'in, ina karatun Ingilishi a jami'a a Yamai. Gab da hutun damina malaminmu ya ce kowa ya zaɓi maƙalar bincike guda, ya karanta, in an dawo ya yi bayaninta baki da baki. Wanda ya faɗi zai maimaita aji.

Wani abokina ya ɗauki sabuwar mujalla. Ni kuwa, da nake ganin na fi shi hankali, na tono wadda ta fi kowacce tsufa, takardunta har sun yi ja. A gidanmu ba a tsallake dattijo a je tambayar yaro, sai na ɗauka haka abin yake a littafi.

Na taho da ita garinmu Madarumfa. 'Yan'uwana suna noman gero, ni ina bakin tafki da ƙamus, ina binta kalma-kalma kamar karatun allo. Mahaifiyata ta hana a aike ni ko'ina. "Ku bar shi, aikin da ke kansa ya fi na gona," in ji ta. Marubucin ya ce yaron da ya tashi da harshe fiye da ɗaya kansa ruɗewa yake, ba ya ƙwari a karatu. Na haddace wannan tsaf, har da sunayen da ya jero a ƙarshe.

Ranar jarrabawa na zubo ta kamar ruwa. Malamin ya bari na gama, sannan ya ce, "Harshe nawa kake ji?"

Na ce Hausa, Faransanci, Larabcin makaranta, ga Ingilishi.

"To, kanka a ruɗe yake?"

Na ce a'a.

"Ka yarda da mutumin nan ke nan, ko ba ka yarda ba?"

Wallahi ban taɓa sanin ana tambayar haka ba. Abin da aka buga a takarda, wane ni in yi masa musu? Sai na ce ai marubucin babba ne.

Na maimaita ajin. Abokina ya wuce, shi da ya karanta tasa cikin mota.

Yanzu abin dariya yake ba ni. Abin da har yau nake jin kunyarsa guda ne: damina sukutum na zauna ina haddace cewa ni daƙiƙi ne, kuma ko sau ɗaya ban ji haushi ba.