Gurbin Yaya a Littafin Baba

Da Allah zai ba ni damar goge aiki ɗaya cikin abin da hannuna ya yi a duniya, shafi na huɗu na littafin tarihin mahaifinmu zan goge. Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma wannan shafi ba zai fita daga kaina ba har a rufe ni.

Shekarun da aka dawo da zaɓe ne, bakin kowa ya buɗe, jam'iyyu da jaridu suka yi yawa a Kutonu. Ni karatuna bai yi nisa ba, wasiƙu nake buga wa mutane da keken rubutu. Da na ga inda kasuwa ta nufa sai na sayi tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, na kafa ta a shagona na Zongo, na koya da kaina. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne deturaj, wato yanko mutum daga cikin hoto. Zan bi gefen jikinsa da linzamin na'urar, ɗigo bayan ɗigo, hula da gemu da hannun riga, har bango ya ɓace ya rage shi kaɗai. Sannan in sa rubutu ya zagaye shi, layi ya zo daf da kafaɗa ya tsaya, na ƙasa ya bi gwiwar hannu. Ba yabon kai ba, a lokacin daga Zongo har Misebo babu mai yi kamar ni.

Ana cikin kamfe Baba ya rasu. Na ce zan buga ɗan littafin tarihinsa a raba ranar sadakar arba'in, irin yadda maƙwabtanmu 'yan kudu suke yi wa mamatansu. A shafi na huɗu na yanko mu uku daga wani hoton Sallah: Baba a tsakiya, ni a hagu, yayana a dama. Yaya direban babbar mota ne, shi ne ɗan fari, kuma shi ya ajiye tuƙi ya yi jinyar Baba har ƙarshe. Rubutun ya zagaye mu ukun gwanin kyau.

Sai shaiɗan ya shigo ta bango. Ina buga wa wani ɗan takara fastoci, na kawo biyu na manna a jikin gidanmu. Yaya ya fito ya ɓalle su a gaban masu zaman gaisuwa, ya ce, "Kai, gidan makoki ne nan ko ofishin jam'iyya? Tsohon ko wata bai yi a ƙasa ba." Wani ya yi dariya. Gaskiya ya faɗa, amma dariyar nan ita na ji.

Washegari na buɗe shafin, na goge hotonsa. Hoton ya tafi, amma layin da na zana a gefen jikinsa ya zauna, rubutu na nan biye da shi. Sai ga farin fili mai siffar mutum a tsaye kusa da Baba, da doguwar hularsa da faɗin kafaɗarsa. Kada wani ya ɗora wa na'ura laifi. Dannawa ɗaya za ta rufe gurbin, na sani sarai. Na dube shi, ya yi mini daɗi, na kai maɗaba'a a haka.

Ranar arba'in aka cika, baƙi daga Paraku, daga Yamai, daga Legas. Bayan addu'a aka raba littafin. Na shiga cikin gida na miƙa wa Inna nata. Ita ba ta karatu, hotuna take bi. Kuma tun da muka taso ba mu taɓa jin ta kama sunan Yaya ba, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce mai mota. Ko yabonsa ake yi, kawar da kai take. Da ta zo shafin sai ta tsaya, ta sa yatsa ta bi gefen farin filin tun daga hula har ƙafa.

"Wa ya fita daga nan?"

Na ce, "Inna, salon aiki ne, haka ake yi yanzu."

"Salon aiki mai kafaɗar mai mota?" Ta ɗora tafin hannunta ta rufe gurbin. A gaban mata cike da ɗaki, matar da ba ta taɓa tare masa ba ta ce, "Shi ya yi ta juya ubanku a shimfiɗa. Kai kana ina?"

A waje na tarar da Yaya da littafin a buɗe. Na shirya wa faɗa, bai ba ni ba. Ya ce, "Ƙanena, hannunka ya faɗa. Ko hulata ba ka rage ba." Ya rufe, ya sa a aljihu, ya ci gaba da sallamar baƙi.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda na nesa za su karanta shafin. Su ba su san da zancen fastoci ba. Sun ga littafin iyali, sun ga an cire babban ɗa daga gefen uba, suka yanke cewa Baba ya rasu yana fushi da shi. Zancen ya bi motoci ya dawo tasha. Direbobi da suka shirya ba shi shugabancinsu suka fara cewa wanda uba ya sallama ba ya riƙe jama'a. Bai yi musu da kowa ba, ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Akpakpa, can ƙetaren gada.

Na sake buga littafin da hotonsa, amma na farkon ya riga ya shiga akwatunan mutane. Na tashi a masallacin unguwa bayan la'asar na faɗi abin da na yi. Na haye gada na durƙusa wa Yaya, ya ɗago ni ya ce ya yafe tun ranar. Na yarda ya yafe. Sai dai muryata a masallaci ɗaya ta tsaya, takarda kuwa ta yi tafiya.

Shekaru bayan haka Yaya ya rasu. Muna dawowa daga maƙabarta wani ɗan'uwanmu na nesa, dattijo, ya riƙo hannuna ya ce a hankali, "Allah ya sa tsohon ya yafe masa kafin su haɗu." Na tsaya a kan titi na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara, ya jinjina kai, ya ce, "Kai dai mai rufin asirin ɗan'uwa ne."

Ko gaskiyata ba ta iya wanke shi ba. Ku da aikin nan yake hannunku yau, har a cikin waya, ina roƙonku kada ku yi abin da na yi. In ranku ya ɓaci da wani, ku tashi daga gaban na'ura, ku je ku same shi ku faɗa masa da baki.