Sun Fitar da Bikin Gwaggo Hajara Fili, Sun Bar Matan a Gida

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Hajara, yayar mahaifina, Allah Ya jiƙanta da rahama. Na so a ce addu'a da yabo kaɗai zan rubuta a kanta. Abin da ake shirin yi da sunanta a ƙauyenmu, a ƙasar Bagwai, shi ya hana ni.

Gwaggo ba ta yi boko ba. Daddawa take yi, tana saƙa faifai. Ita ce ta fara lura cewa yaran gidanmu sun daina zama a gaban iyayensu mata bayan sallar Isha'i, sun koma cincirindo a kan wayar duk wanda ya dawo daga birni. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Da aka gama girbin wata shekara, sai ta sa aka share tsakar babban gidanmu, ta aika wa matan unguwa cewa kowace ta zo da tatsuniya ɗaya da tabarmarta. Mu yara kuma ta ce sai mun zama abin da za a ba da labarinsa. Muka huda tsofaffin ƙore muka yi fuskar dodo, muka yi ƙaho da karan dawa, muka yi wa aljanu gashi da gezar masara. Mace tana ba da labari, mu muna fitowa daga bayan rumbu muna kwaikwayo, sauran mata suna amsa waƙa. Daga nan abin ya zama na kowace kaka, har ƙauyukan maƙwabta suna zuwa.

Akwai dalilin da ya sa ta zaɓi tsakar gida, ta kuma zaɓi bayan Isha'i. A wurinmu tatsuniya a bakin mata take, kuma matar aure ba ta zama a bainar jama'a da rana tsaka. Idan duhu ya yi takan sa hijabinta ta shiga gidan maƙwabta, babu mai cewa uffan. Gwaggo ta auna wannan sarai, ta ajiye bikin a inda ƙafar masu shi za ta iya kaiwa.

Bana kwamitin matasa ya yanke shawarar faɗaɗa shi. Ba zan zalunce su ba, suna da hujja. Gidan ya yi kaɗan, bara ma sai da danga ta faɗi saboda turereniya. Amma ga maganin da suka kawo: za a mayar da bikin filin ƙwallo na bakin titi, bayan La'asar, a kafa rumfuna da lasifika, a gayyato baƙi daga Ungogo da cikin birni. An sayo fuskokin roba daga kasuwa, irin waɗanda babu dodonmu ko ɗaya da ya yi kama da su. An kuma buga sunan Gwaggo a jikin ƙyalle da manyan baƙaƙe.

A taron da aka yi na tambayi shugaban kwamitin, Sagir, wanda tare muka yi firamare, wa zai ba da tatsuniyar.

"Kai dai ɗan jami'a ba ka rasa tambaya," in ji shi. "Za mu bi su gida mu ɗauki muryarsu a waya, mu saka a lasifika. Su huta ma."

Na kawo shawarar a kewaye wani sashe na filin da zana, a bar wa mata da yara, a kuma fara bayan Isha'i kamar yadda aka saba. Aka ce mai ɗaukar bidiyo yana buƙatar hasken rana, baƙi kuma suna son komawa kafin duhu. Wato an tambayi mai bidiyo lokacin da ya dace da shi, an tambayi baƙi, ba a tambayi mace ko ɗaya ba. A duk kwamitin babu wanda ya taɓa ba da tatsuniya daga farko har ƙarshe.

Na je wurin Yaya Rabi, matar babban wana, wadda ta koya a gaban Gwaggo kuma babu kamarta a yanzu. Na same ta tana sussukar gero. Ta saurare ni har na gama.

"Muryata a lasifika, masu adaidaita sahu suna tsayawa suna ji? Ka ce wa Sagir, lokacin da yake tsorata ya ɓuya a bayan zanena in dodo ya fito, waya ce ta lallashe shi?"

Na yi ta tunanin abin da Gwaggo za ta ce da tana raye. Ba na jin za ta ƙi baƙi, domin mace ce mai son taro, kuma ba ta taɓa korar yaron wani ƙauye ba. Na dai san yadda take ba da labari. Takan dubi fuskokinmu, in ta ga ƙaramin yaro ya firgita ta rage wa dodo haƙora, in ta ga mun fara gyangyaɗi ta ɗauko waƙa. Muryar da aka naɗa a waya ba ta ganin kowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan mata ƙanana, waɗanda a wannan zaman suke ɗaukar salon iyayensu ba tare da an ce musu su koya ba. Idan aka yi bikin shekara biyu ko uku babu mata, za a wayi gari akwai rumfa, akwai ƙyalle, babu mai labari.

Gwaggo ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ta bari shi ne Yaya Rabi da ire-irenta, matan da suka san cewa abin da ke bakinsu ya isa a tara gari dominsa. Suna nan da ransu, gidajensu ba su da nisa da filin. Kwamiti yana da sauran lokaci ya je ya yi sallama, ya tsaya a zaure, ya tambaye su yadda suke so a yi. In kuwa ya ga hakan ya fi ƙarfinsa, to ya yi taronsa lafiya, Allah Ya ba da sa'a. Sai dai a matsayina na ɗan ƙaninta, ina roƙon a cire sunan Hajara daga jikin ƙyallen. Ba za ta je wurin da aka hana Rabi zuwa ba.