Tubali Mai Sawun Yatsu Uku

Abin da na fara gani ranar da aka kai ni hutu gidan Kaka a Ƙofar Kibo shi ne tubali guda ɗaya, an ɗora shi a kan akurkin kaji yana shan rana. Irin na da ne, na jar ƙasa da ciyawa, wanda ake mulmulawa da hannu. Na tsaya ina kallonsa tun kafin in sauke ƙunshin kayana, domin sawun yatsun da ke jikinsa bai cika ba. Gefe ɗaya huɗu ne, ɗaya gefen uku.

"Malama Shiru ta iso," in ji Kaka daga bakin madafa. "Ba gaisuwa, sai kallon ƙasa?"

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Ina firamare, muna zaune a Tukur-Tukur, kuma ni yarinya ce da ko sunana aka tambaya sai na sunkuyar da kai.

A unguwar Kaka akwai wata ƙungiya ta tunawa da mazan jiya, wadda ƙanen mahaifina, Baffa Sani, yake shugabanta. Aikinta nagari ne, ba mai musu. Su ne ke yashe magudanan ruwa kafin damina, su share maƙabarta, su yi wa tsofaffin da ba su da kowa yaɓe. Idan an gama girbi kuma sai su yi babban taro a bakin ganuwa, a toshe inda ruwa ya cinye. Kafin a fara gayyar, kowane gida daga cikin jikokin waɗanda suka ƙi aikin tilas na Nasara zai kawo tubali ɗaya wanda aka yi a gida. A kira sunan kakansu a lasifika, wani yaro daga zuriyar ya ɗora tubalin. A wannan shekarar layi ya zo kaina. Har sabuwar atamfa aka ɗinka mini, ina ta leƙa ta a cikin kwalla ina jin daɗi.

Tubalin gidanmu na Ilu Baduku ne, mahaifin Kaka. Amma sanyin ƙashi ya daɗe da lanƙwasa yatsun Kaka, don haka ƙawarta Iya Dije ce take mulmula mata shi duk shekara. Iya Dije mutumiyar ƙauye ce da ta zauna a birni tana sayar da daddawa. Kullum bayan sallar isha'i takan shigo da 'yar sandarta, ta zauna kusa da murhu, su biyun su yi ta tsokanar juna. A nan, cikin hasken wuta, na ga hannunta na hagu. Ba ƙaramin yatsa, fatar wurin kuma ta tattare tana sheƙi.

Na ɗauka ba wanda ya ga ina kallo, ashe Kaka ta gani.

"Ku matso," ta ce mana, ni da sauran jikoki, tana tura itace cikin wuta. "Yau ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba. Wannan ta riga ta zo, ga ta nan zaune tana cin goro."

"Ki dai faɗa daidai," in ji Iya Dije. "Bara kin ƙara wa ubanki tsawo."

Kaka ta ce tana ƙarama lokacin da aka zo shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ana ɗibar maza unguwa-unguwa, ko ka so ko ka ƙi, wasu kuma da suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ranar da aka zo unguwarsu, Ilu Baduku ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce shi ba za shi ba, ba kuma zai ba da ƙanensa ba. Wasu suka bi bayansa. Da aka sa a kamo su, sai suka tsallake ganuwa suka nausa daji, har suka faɗa gidan wata mata mai suna Tabawa a wani ƙauye. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da rumbun dawa ɗaya. Ba ta san su ba, ba su san ta ba. Ta ɓoye su cikin rumbun, tana miƙa musu fura ta sama, har ta ji masu nema sun kusa, sannan ta fitar da su ta bakin rafi.

Sun tsira. Amma garin sauri Ilu ya bar takalminsa ɗaya a gindin rumbun, takalmin fata mai ado irin wanda sai badukun birni ke ɗinkawa. Masu nema suka ɗaga shi suka dubi Tabawa, ta ce ita ba ta ga kowa ba. Suka cinna wa rumbun wuta.

"Ubanki gwanin ɗinki ne," in ji Iya Dije, "riƙon takalmi ne dai bai iya ba."

Iya Dije ce ƙaramar 'yar Tabawa. Ta ga abincin shekararsu yana ci da wuta, ta zura hannu don ta ciro ko zangarniya ɗaya. Ta ciro ɗin, in ji ta, amma ta bar yatsa a madadinta. A wannan shekarar da tafasa da rama suka kai damina, ƙaninta na goye kuma bai kai ba.

Wuta ta yi ƙasa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kaka, ana kiran sunan Tabawa a ganuwa?"

"Au, ashe tana magana!" Kaka ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "Na faɗa wa Sani har bakina ya gaji. Ya ce ƙa'ida ce, sai ɗan birni wanda ya ƙi aikin da bakinsa. Wai, 'Inna, in muka buɗe wannan ƙofa kowa zai zo da kakarsa.'"

"To su zo mana," in ji Iya Dije. "Ganuwar ce ta ce tubali ya ishe ta?" Ta murza hannun nan. "Ni ba wani abu nake nema ba. Ido ya tafi, ɗana zai zo ya kwashe ni zuwa ƙauye bayan taron nan, ba na jin zan ga wani. Sau ɗaya dai in ji an ce Tabawa cikin abin nan mai ƙara, idan mun haɗu in gaya mata."

Kaka ba ta rufe da ƙurunƙus ɗin da take rufe tatsuniya da shi ba. Ta ce wannan ba a yanke mata kai, domin ba ta ƙare ba, mu tashi mu kwanta.

Daga ranar tuwon dawa ya daina wuce mini da daɗi. Ba ni na bar takalmi ba, ba ni na kafa ƙa'ida ba, duk da haka na ji kamar na ci abincin wani ban wanke kwano ba. Na duba tsakar gidan nan cike da mu, Kaka da Baffa da mahaifina da jikoki, na ga duk daga cikin rumbun nan muka fito. Atamfar da nake ɗoki ta koma mini nauyi. Idan Iya Dije ta ba ni goro in kai wa Kaka, sai in karɓa ina kallon ƙasa.

Yau na kusa shekarun da Kaka take da su a lokacin. Ban daina ganin girman Ilu Baduku ba, ya yi abin da maza da yawa suka kasa. Ƙungiyar ma ta yi wa unguwa alheri mai yawa. Sai dai na fahimci cewa duk wanda ya miƙe ya ce a'a, akwai wani a bayansa da ya biya da rumbunsa, kuma galibi ba a san sunansa ba. A gidanmu har yanzu ana ba da labarin shekarar da aka kira sunan mace a bakin ganuwa, ana cewa Iya Dije ta zauna dirshan a ƙasa tana cewa, "Na ji, na ji." Idan suna faɗa sai in ji kunya ta rufe ni, domin sau ɗayan ne kawai. Da shekara ta zagayo an koma ƙa'ida, tubalinmu kuma wani magini ne ya yi shi, yatsunsa cikakku. Abin da mata biyu suka jira tun suna yara, ashe bai fi numfashi ɗaya a bakin lasifika ba.

Ranar taron, rana ta ɗaga, jama'a sun cika bakin ganuwa, tsofaffin mata suna can baya a gindin wata bishiyar kuka. Baffa Sani yana tsaye cikin farar riga da lasifika a hannu. Aka zo kan gidanmu, aka miƙo mini tubalin. Yatsuna suka faɗa cikin sawun nan uku, ƙaramin yatsana ya rasa inda zai zauna. Ban taɓa yi wa Baffa magana ba in ban da gaisuwa. Ya ɗaga lasifikar zai kira suna, sai na kama gefen rigarsa. Ya sunkuyo yana murmushi, ya ɗauka tsoro ne ya kama ni.

Na ɗaga masa tubalin, gefen da bai cika ba.

"Baffa, don Allah, in ka kira Ilu Baduku ka kira Tabawa mai rumbu. Ka ɗaga murya sosai, 'yarta tana can baya."