Wuyan Hannun da Na Miƙa wa Mahauci

Shekara ashirin da biyar ke nan, amma ban ga ranar da wannan al'amari zai fita daga raina ba. A lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Hamdara, inda kowa yake kirana Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a ƙasarmu da harshen Faransanci.

Mahauci ɗaya ne a ƙauyen, dattijo mai barkwanci. Wata ranar kasuwa wani sa ya mutu a hannunsa kafin a sa masa wuƙa. Tsoron asara ya sa ya yanka gawar, ya gasa, ya sayar. Duk muka ci, har da ni. Bayan kwana biyu wanda ya taya shi fiɗa ya kasa riƙe maganar, ya tona cewa mushe aka ciyar da gari.

Da farko fushi aka yi. Aka taru a ƙofar gidansa ana zagi, wani ya mare shi, wani ya kifar da tukubarsa. Ya durƙusa gaban maigari ya amsa laifinsa, liman ya ce ya tuba, a yafe masa. Na zaci magana ta ƙare.

Abin da ya biyo baya ba shi da hayaniya. Ba wanda ya sake zaginsa. Idan ya yi alwala a masallaci, butar takan kwana a inda ya ajiye ta, ba mai taɓawa. A sahu sai a bar gurbin mutum guda dama da hagunsa. Mata suka daina aron wuta a gidansa. Yakan ratsa kasuwa da rana tsaka, hira ta mutu a gabansa, ta farfaɗo a bayansa, kamar an wuce da makara. Ungulayen da suka saba jiransa a mahauta kuwa suka koma kan katangarsa, suna zaune jere, ba su ko motsi.

Ni da nake ganin na yi karatu, na riƙa kare shi a majalisa. Nakan ce ba wanda ya yi ciwo, kuma mai tuba ba a bizne shi da rai. Maganar ta kai kunnensa. Wata azahar bayan an tashi yara, sai ga shi a ƙofar aji.

"Mushe," ya ce yana murmushin da bai kai ido ba, "yanzu ni da kai suna ɗaya gare mu. Ka ga takwara."

Na yi dariyar dole. Ya ce, "Kai kaɗai ake jin maganarka. Gobe Juma'a, ka gaisa da ni a gaban mutane, hannu da hannu. Idan sun ga ba ka mutu ba, wataƙila su tuna ni mutum ne."

"Wannan ai ba komai ba ne, Baba," na ce.

Washegari bayan an sallame ya nufo ni, jama'a na kallo. Ya miƙo hannu. Tafin a wanke yake tas, amma da na dube shi sai ɗanɗanon naman nan ya dawo mini a maƙogwaro. Kafin in yi tunani na dunƙule yatsuna, na miƙa masa wuyan hannu, irin gaisuwar da ake yi idan hannu ya ɓaci.

Bai kama ba. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce a hankali, "Naka ne da dauɗa, ko nawa?" Ya ƙara da cewa, "Wanda ya mare ni ya fi ka, Mushe. Shi ya taɓa ni."

Kafin wata Juma'ar ya kwashe iyalinsa. Wasu sun ce Damagaram ya shiga, wasu sun ce ya ƙetare iyaka. Ban sake jin labarinsa ba.

Na daɗe ina tambayar kaina ko laifinsa na hukunta a ranar, ko tashin zuciyata kawai na bi. Abin da na gane shi ne, mai fushi yana neman ka gyara, don haka akwai ranar da zai huce. Mai ƙyama ba ya neman komai a wurinka sai ka gushe. Tun daga lokacin, duk sanda na ji zuciyata ta tashi a kan mai laifi, ba na yarda da hukuncina sai na tabbata zan iya riƙe hannunsa.