Ranar da Baba Ya Ce Ya San Ɗansa

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na ajiye shi. Ni dai ɗan wani ƙauye ne a bayan Ƙafin Maiyaki, kuma kafin in zama ɓarawo yaron kirki ne ni, irin wanda iyaye ke yi wa 'ya'yansu misali da shi. Mahaifina manomi ne. Ba liman ba ne, ba mai unguwa ba, amma a garinmu shi ne mai shaida. In za a sayar da gona, ko a ba da jinginarta, ko a ba makiyayi kiwon shanu, sai an aika an kira Baba. Ya zauna ya ji ta bakin kowa, ya ce, “Na shaida,” a shafa fatiha a tashi. Babu takarda, babu dangwala yatsa. Ko bayan shekaru rigima ta taso, abin da Baba ya faɗa shi ne magana.

Da na gama difloma sai na sami aiki a wani babban banki, irin mai rassa a ko'ina cikin ƙasar nan. Ranar da na shigo gari da kwat da laktaye, har guɗa aka yi a gidanmu. Abin da ba su sani ba, ni ba cikakken ma'aikaci ba ne. Ɗan kwantiragi ne, wanda za a iya sallama da saƙon waya. Aikina yawo a kan babur, daga Kiru zuwa Bebeji, Tudun Wada har Doguwa, ina lallashin mutane su buɗe asusu. Man babur daga aljihuna yake fita. Albashin kuwa, kafin wata ya raba ya zama labari.

Kowace Litinin manajanmu yakan tara mu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya a kan taget, wato yawan mutanen da aka yanka wa kowa ya kawo. In ya zo kaina sai ya ce, “Kai, ƙauyukan naku babu mutane ne? Ka sani fa masu digiri na nan a bakin ƙofa suna jiran kujerarka.” In fito da ciwon kai, in koma gida in tarar da masu jirana. Kawu yana son taki, gwaggo tana son magani, kowa na cewa ai ɗanmu a banki yake. Da na buɗe baki na ce musu ba ni da shi, da babu wanda zai kashe ni. Girman kai ya hana ni.

Farkon abin ƙarami ne. 'Yan kasuwa sukan ba ni kuɗinsu ranar Juma'a da yamma in saka musu a asusu, banki kuwa ba zai buɗe ba sai Litinin. Wani abokin aikina da ya riga ni shiga ya ce da ni, “Kai baƙauye ne? Kuɗi ba ya son zaman banza.” Sai na fara sarar masara da su a Doguwa ranar Asabar, in sayar a Kwanar Dangora ranar Lahadi, in mayar da uwar kuɗin Litinin da safe. Na ce wa kaina aro ne. Wata rana farashi ya faɗi, na yi asara, na cike giɓin da kuɗin wani. Daga nan na zama mai tona wannan rami don ya cike wancan.

Ina cikin wannan hali banki ya fito da inshorar gona. Manomi zai biya wani abu kaɗan da farkon damina, in ambaliya ko fari ya cinye masa amfani, a biya shi. Aka yanka mana taget a kanta ita ma. Mutanen garinmu suka noƙe, wasu na cewa caca ce. Na yi musu bayani cewa irin ta Musulunci ce, taimakekeniya ce, amma ba su gamsu ba sai da suka taru a zauren Baba. Malam Idi ne ya yi magana a madadinsu. Maƙwabcinmu ne, mai shinkafa da masara a fadama, da iyali cike da gida. Ya ce da Baba, “Malam, mu ba mu san kan abin nan ba. In ka ce mu shiga, mu shiga.”

Baba ya dube ni, sannan ya ce, “Ni ban san banki ba. Amma na san ɗana.”

Ina zaune a gefen tabarma. A lokacin akwai kuɗin mutane a wuyana da ban san yadda zan mayar ba. Kalma ɗaya ta isa ta cece mu gaba ɗaya, amma na sunkuyar da kai kamar mai kunya, su kuwa suka ɗauka tarbiyya ce.

Wallahi ranar ban yi niyyar cin kuɗinsu ba. Na ma fito da rasit zan rubuta, sai Malam Idi ya dafa hannuna. Ya ce, “Haba ɗan Malam, mayar da takardarka. Takarda tsakaninmu? Gonar da nake nomawa ma bakin mahaifinka ne takardarta.” Sauran suka ce ƙwarai kuwa. A wurinsu karɓar rasit daga hannuna bayan Baba ya yi magana cin fuska ne gare shi.

A hanyar komawa ofis shaiɗan ya hau bayan babur ɗina. Lambar rasit ce ke shigar da sunan mutum cikin kwamfutar banki. Wanda ba shi da ita, banki bai san da zamansa ba. Kuɗin inshora kuma, in damina ta yi kyau, babu mai waiwayarsa. Na toshe ramukana da kuɗinsu. Ku ji inda abin ya fi muni: manoman wasu ƙauyuka da ba su san ni ba, waɗanda suka tsare ni da ido suka ce sai na ba su rasit, duk na shigar da su, da su na rufe bakin manaja. Mutanen da suka yarda da ni kaɗai na cuta.

Daminar farko ta yi albarka. Babu wanda ya tambayi komai. Malam Idi har buhun masara ya aiko mini na godiya, na karɓa na ci. Manaja ya yabe ni a gaban mutane, na sauya babur. Da damina ta zagayo, Malam Idi da kansa ya riƙa kawo mini mutane, yana gaya musu abin da Baba ya faɗa a zaure. Na sake karɓa, na sake ci, ina roƙon Allah Ya ba da damina lafiya. Ku dubi rashin kunya, ɓarawo yana addu'a kada asirinsa ya tonu.

Cikin watan Agusta aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya tumbatsa ya shafe fadamar gaba ɗaya. Shinkafar Malam Idi ko tsinke ba a tsira da shi ba. Amma da na je yi masa jaje, shi ne yake ba ni haƙuri. Ya ce, “Alhamdu lillahi da muka ji maganar Malam.” Kullum da safe sai ya biyo ta ƙofar gidanmu, ni kuma in ce ana kan aiki, takardu sun tafi hedikwata. Da ya ji an biya mutanen wasu ƙauyuka, bai zarge ni ba. Ya ɗauka ofis ne ke yi mini wasa da hankali, sai ya ɗebi mutane suka tafi reshenmu don su tsaya mini. Aka duba kwamfuta, babu sunan ko mutum ɗaya.

Manajan da ya yabe ni shi ya kira 'yan sanda. Banki ya ce bai karɓi ko sisi ba, don haka ba ya biyan kowa, ni kuma ɗan kwantiragi ne, tsakanina da su sallama. Na daɗe ina jin haushinsu, amma gaskiya ɗaya ce: sun matsa mini, ba su kama hannuna sun sa a aljihun kowa ba. A kotu alƙali ya tambayi Malam Idi me ya hana shi karɓar rasit. Malam Idi ya waiwaya ya dubi bencin da Baba ke zaune.

Gidan yari ba sai na ba ku labari ba. Cunkoso, kuɗin cizo, wake mai tsakuwa, da dogon tunani wanda ya fi su duka cizo. A can na ji Malam Idi ya sayar da shanun huɗarsa, 'ya'yansa sun tafi ci-rani. Na kuma ji Baba ya sayar da gonarsa ta gado ya raba wa mutanen, alhali kotu ba ta ce ya biya ba. Wai ya ce da bakinsa suka shiga.

Sau ɗaya ya zo ganina. Ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Ya ce, “Ban zo yi maka faɗa ba. Tambaya ɗaya ce da ni. Ranar da na ce na san ɗana, ka riga ka fara?”

Na ce, “Na riga na fara, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Ashe shaidar zur na yi.” Ya miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙuli da Inna ta aiko, ya tashi. Na gwammace a ce mari ya yi mini.

Da na gama wa'adina na dawo gida, na bi mutanen gida-gida ina neman gafara. Wasu sun yafe, wasu sun ce Allah Ya isa, kuma ban ga laifinsu ba. Malam Idi ya ce ya yafe saboda Malam. Na tuba ga Allah, na kama ƙodago a gonakin mutane. Abin da na tarar shi ne Baba ya daina shaida. Ana zuwa ana roƙonsa, sai ya ce a nemi wani, shi bakinsa ya taɓa cutar da mutane. Yanzu a garinmu ko akuya za a sayar sai an nemo mai biro.

Bara wani mai shagon hatsi a Kwanar Dangora ya so ya ɗauke ni awo. Ya zo har zaure ya tambayi Baba halina, ina daga soron ciki ina ji. Baba ya ce, “Ɗana ne, ina ƙaunarsa. Ina ganinsa yana sallah, yana neman halak. Abin da ke cikin zuciyarsa kuwa ban sani ba. In ka ba shi kaya, ka rubuta.”

Na sami aikin. Amma na zauna a soron nan na yi kuka irin wanda ban yi a gidan yari ba.

Samari da 'yan mata, musamman ku masu sa kwat kuna yawo da kuɗin mutane, ku ji ni. In taget ya fi ƙarfinku, ku bari a kore ku, kora ba mutuwa ba ce. In dangi sun roƙa ba ku da shi, ku ce babu. Kada ku taɓa kuɗin amana da sunan aro, ko na kwana ɗaya ne. Wanda ya ce muku ba sai kun rubuta ba, shi ne ya fi cancanta ku rubuta masa. Gona ana iya sayen wata, ni ma ina tara kuɗi ko Allah zai sa in fanso ta Baba. Amma mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya ce ya san ku, in kun mayar da shi maƙaryaci, ban san kasuwar da ake sayo masa wani bakin ba. Ni dai har yau ina nema.