Barewar Babana a Kalley

Shekarar da fari ya cinye Adar, babana ya sauka a Yamai daga bayan kamyo, babbar motar kaya, tabarma a kafaɗa, 'yar barewa a rungume a ƙirji. Ni kuwa ina tsaye a tasha, malamin lakwal, wato makarantar boko, da riga mai guga, ina leƙen bayansa ko zan ga sauran kaya. Babu komai. Mutumin da na tashi na gani da garken awaki da ya cika bakin rijiya, abin da ya rage masa ke nan.

"Baba, wannan fa?"

"Ɗiyar gida ta," in ji shi. "Uwatta ta faɗi bakin rijiyarmu. Akuyata ta ƙarshe ta shayar da ita, sannan ita ma ta bi sauran. Mi kake so in yi da ita, in bar ma angulu?"

Na so in ce masa e, amma ba a faɗa wa uba haka a tsakiyar tasha.

Ɗaki guda gare ni a wani gidan haya a unguwar Kalley, irin gidan da ƙofofi ke jere suna kallon tsakar gida ɗaya, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Mai gidan wata dattijuwa ce Bazabarma da muke kira Inna, danginta manoman shinkafa ne a Saga, can bakin kogi. Ta dubi barewar, ta dubi tsohon, ta nuna mana wani lungu a jikin katanga. Nan muka kafa zana muka ɓoye ta. Ɓoyewar ta zama dole, domin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuma an faɗa a radiyo cewa an hana farauta. A kartiye kuwa, wato cikin unguwa, labarin ya ƙara gishiri: wai duk wanda aka samu da naman daji a gida, shi da dabbar za a tafi da su. Ban san iyakar gaskiyar maganar ba, kuma a wancan zamani ba wanda ke zuwa biro, ofishin hukuma, ya yi tambaya don ya ji daɗi. Sa'armu ɗaya, barewa ba ta da kuka irin na akuya.

Da farko haushinta nake ji. Ta cinye mini gefen littafi, ta yi kashi cikin takalmina, kuma duk safiya sai ta zuba mini manyan idanun nan kamar ni ne baƙo a gidan. Sai na fara lura da Baba. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ƙannena sun watsu kudu neman abinci, shi kuma birni bai karɓe shi ba. Yini yake a bakin ƙofa, bai san kowa ba, ba ya jin Zabarmanci, hannuwansa a kan gwiwa ba su da aikin yi. Abu ɗaya ke tayar da shi tsaye, barewar. Ya share mata wuri, ya cire mata kaska, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. In ta ci, sai ya jawo ƙwaryar furarsa ya sha. Ran da ta juya kai ta ƙi ci, furar nan haka za ta yini a rufe. Da na gane haka sai tsoro ya shige ni, tsoro na gaske, don na san ran da dabbar nan ta kwanta, tsohon ba zai daɗe a bayanta ba.

Daga nan na zama bawan barewa. Ita kuwa ba kowane abu take ci ba. 'Ya'yan gawo take so, da ganyen magarya, da harawa busasshiya, da ɗan dusa. Ruwa ma sai ta ga dama. Harawa ta fara ɓacewa daga kasuwa, sannan dusa ta bi ta, domin mutane sun koma cin dusar da kansu. Wata rana na tsaya gaban mai dusa a bayan babbar kasuwa, wata mata da goyo a baya da wasu yara a gefe tana jiran ragowar da ke gindin buhu. Na riga ta miƙa hannu. Ta dube ni daga riga har takalmi, ni kuwa na ƙulle dusar na hau welo, kekena.

In an tashi lakwal sai in fita bayan gari neman gawo. Makiyayan da fari ya koro sun yada zango ko'ina a gefen birni, kuma sun riga ni. Itatuwa duk an sassabe su, ba ganye ba 'ya'ya, sai rassa tsirara. Nakan dawo da abin da bai cika aljihu ba. Haƙarƙarinta suka fito, ƙafafun nan sirara suka fara rawa in ta miƙe. Sai na kama Baba yana kwashe garin geron da nake ajiye masa yana zuba mata a tafin hannu.

"Baba, don Allah! Mutane na mutuwa a garin nan, kai kana ba dabba abincinka?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da riƙe mata hannun har ta lashe shi tas, sannan ya ce, "Ka gama?" Na fita waje na tsaya ina huci, ban san da wa nake fushi ba.

Inna tana ganin duk wannan. Wata Juma'a, mun tafi masallaci ni da Baba, wani ɗan'uwanta ya kawo mata damin burugu daga Saga, ciyawar bakin kogi da aka yanko da safen nan, koriya shar, tana ɗigar ruwa. A wurin mutanen kogi babu abincin dabba da ya kai ta, da ita suke kiwata shanu da tumaki tun kakanni. Inna ta ji tausayi, ta ɗauki damin gaba ɗaya ta zube shi a bayan zana. Ina za ta san cewa cikin da ya saba da busasshen abu, ya kuma daɗe da yunwa, ba ya ɗaukar ɗanyar ciyawa haka a tashi ɗaya?

Da muka dawo, barewar tana tsaye ƙafafu a ware, cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, tana numfashi da baki. Inna ta taho da fara'arta tana cewa da Hausarta ta kasuwa, "Baba, ka gani? Yau ta ci, ta ci sosai." Baba ya dubi ragowar ciyawar. Na ga leɓensa yana motsi. Sai ya ce, "An gode, Inna. Allah shi saka." Wannan godiya ta fi mini zagi ciwo.

Muka jiƙa kanwa muka ɗura mata. Muka ɗura man gyaɗa. Baba ya durƙusa yana murza mata ciki, cikin kuwa sai ƙaruwa yake. Na hau welo na nufi wurin likitocin dabbobi, zufa na shiga mini ido. Na tarar da wani ma'aikaci, na ce masa akuyata ce ta ci ɗanyar ciyawa ta kumbura. Ya ce in kawo ta yanzu-yanzu, sai an huda cikin iskar ta fita. Na ce ba za ta ɗauku ba, ya taimaka ya biyo ni. Ya ce wace kartiye, kuma wace irin akuya ce da ba za ta hau welo ba? Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai wani mai kaki ya shigo ya tsaya a bayana yana jiran a gama da ni. Ban san abin da ya kawo shi ba, mai yiwuwa ragonsa ne ba lafiya. Amma a zuciyata na hango babana a bayan motar jandarma, tsoho da ba ya jin Faransanci, ana tambayarsa inda ya samo naman daji. Na haɗiye maganata. Ma'aikacin ya ce to in ƙara mata mai, in sa ta tafiya. Na yi godiya na fito ina hawaye a kan titi, rana tsaka, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Kafin in iso ta kwanta. Mutanen gidan sun taru a tsakar gida, yara a gaba. Tun da dabbobin makiyaya suka ƙare, nama ya zama labari a gidan nan. Maƙwabcinmu tela ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, kada a bari ta yi mushe."

Na juya masa da duk abin da ke cikina. Na ce ba wanda zai taɓa ta, na ce su ungulaye ne, na faɗi maganganun da malamin lakwal bai kamata ya sani ba. A ganina muddin tana numfashi akwai sauran dama: mai yiwuwa man ya yi aiki, mai yiwuwa iskar ta fita da kanta. Amma kowa a wurin ya san ɗaya gefen. In rai ya fita kafin wuƙa, ta haramta, sai dai a ja ta a jefar.

"Kai," in ji Baba. "Ya isa haka nan. Kawo ruwa."

"Baba, mu ɗan jira. Ko zuwa la'asar."

"Kawo ruwa, na ce."

Na kawo. Ya jiƙa mata baki kamar yadda ake yi wa kowace dabba kafin yanka, ya shafa wuyanta, ya juya ta ta fuskanci gabas. Tela ya miƙo wuƙa, Baba ya girgiza kai, ya zaro tasa daga kube a ƙugunsa. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Garke guda ya yi mushe gabana, ina kallo. Wagga kam ba ta yin mushe." Ya yi bisimilla. Ni na riƙe ƙafafunta, shi ya yanka.

Shi ya feɗe ta, shi ya kasa naman yadda ake yi a garinmu, kowace ƙofa da rabonta. Kashi mafi kyau ya aika wa Inna, wadda ta shige ɗaki tana kuka. Naman bai taka kara ya karya ba, amma yammacin nan kowane murhu a gidan ya yi ƙamshi.

Da ya gama, ya wanke wuƙar, ya goge ta a gefen rigarsa, ya mayar cikin kube. Sai ya kwance kuben daga ƙugunsa ya miƙo mini.

"Riƙe," ya ce. "Ni ba ni da sauran abin yankawa."

Na ce ya bar ta a wurinsa, damina za ta zo, za mu sayi awaki. Bai janye hannun ba. Ya bar shi a miƙe, yana dubana, har na sa hannu biyu na karɓa.