Randar Ƙofar Gidan Tabawa

Duk wanda ya taɓa bin layin bayan kasuwa a Adjamé Saint-Michel da rana tsaka ya san randar Tabawa, ko da bai san Tabawa ba. Tana nan girke a ƙofar gida cikin jiƙaƙƙen yashi, da faifai a bakinta, da moɗa ɗaure da igiya, don mutanen Abijan ba a yi musu shaidar barin moɗa inda suka same ta ba. Direbobin gbaka, ƙananan motocin hayar nan da ke tashi daga unguwar 220 Logements, da masu tura baro, da matan da suka jido kaya daga kasuwa, kowa ya ratso sai ya kwankwaɗa ya wuce. Ba a biya, ba a kuma tambayar mutum yarensa ko addininsa.

Tabawa 'yar Tasawa ce. Ta zo Abijan da ƙuruciyarta, ta biyo mijinta Malam Audi da ya samu aikin gadin sito a bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville. Gajeruwa ce mai kaifin baki, irin matan da in suka yi maka faɗa sai kuma su zubo maka tuwo. Sana'arta ruwan sanyi na ƙulle a leda, amma nata ba irin na kowa ba ne. Sai ta tafasa shi a babbar tukunya a ɗakin gaba, ta bar shi ya huce, ta tace, sannan ta jefa saiwar jema a ciki don ƙamshi. Na farkon da ya huce randa ake kai wa, ragowar ce ta sayarwa. Maƙwabta sun sha yi mata tsiya cewa itacen da take ƙonawa ya fi ruwan tsada, ita kuwa sai ta ce ai ba da itacensu take ƙonawa ba.

Abin da masu sha ba su sani ba shi ne randar tana da mai ita. Ɗan farin Tabawa, Sadi, ya fara tafiya ke nan yana kiran sunayen abubuwa, sai wata damina ta zo da amai da gudawa a unguwa. A lokacin ruwan durom ake saye a sha yadda ya zo. Yaro ya tashi da safe yana wasa, kafin rana ta faɗi an yi masa sutura. Da aka share makoki Tabawa ta je wurin matan da ke kawo tukwane daga Katiola ta zaɓo randa, ta ɗauko ta a ka har gida. Ta yi wa Allah alkawari muddin tana numfashi ba wanda zai wuce ƙofarta da ƙishi, ba kuma wanda zai sha gurɓataccen ruwa a hannunta, ladan ya je wa yaron.

To amma Tabawa mutuniyar da ce. A garinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Yana raye "yaron nan" take ce masa, da ya rasu kuwa sai bakin ya ƙara rufewa. Na san akwai masu cewa wannan kunya wahala ce kawai, kuma wani lokacin nakan yarda da su. Sai dai ban ga amfanin faɗa wa mai ɗauke da kaya cewa kayansa da nauyi ba.

Sai bayan shekaru masu yawa Allah ya ba ta Hanan. 'Yar Abijan ce ta gaske, da Faransanci take lissafi, da shi take fushi, Hausar kuwa sai ta lallaɓa ta. Ta san an ce tana da yaya da ya rasu tun ba a haife ta ba, iyakar saninta ke nan. Malam Audi da zai iya ba ta labari shi ma ya riga mu gidan gaskiya tana 'yar makaranta. A ganinta randa ɗabi'a ce ta tsofaffi, kamar cin goro.

Hanan ta yi karatu, ta yi aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin lemo, ta iya duba ruwa ta faɗi abin da ke cikinsa. Ranar da ta ga uwarta ta kasa miƙewa daga gaban murhu sai da ta dafa bango, idanunta jawur don hayaƙi, ranar ta yanke shawara. Za ta bar aiki ta buɗe ƙaramin kamfanin ruwan gora a ɗakin gaban nan, a fitar da tukunya da murhu, a sa tayil, a kawo inji. Tsakani da Allah don uwar ta yi.

"Maman, kin huta da wuta," in ji ta. "Amma randa, il faut, dole a ɗauke ta. Mutanen hygiène, masu duba tsabta, in sun zo duba wuri ba za su yarda da tukunyar ƙasa a ƙofa ba. Kuma in babu wurin tafasawa, da me za ki cika ta? Wani ya sha ya yi ciwo, a ce ruwan kamfaninmu ne."

Tabawa ta dube ta, ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ta fi kuka ciwo, amma Hanan ba ta kai ga jin irin wannan Hausar ba. Tabawa ta so ta ce randar ba tata ba ce. In ta faɗi haka za a tambaye ta ta wa ce, nan kuwa bakinta ba ya zuwa. Ba ta kuma son ta zama tsohuwar da ta tare wa 'yarta hanyar arziki saboda tukunya.

Ranar zaɓen inji Hanan ta nace sai sun je tare. Suka ƙetare gada zuwa Treichville, suka shiga layin sitocin da Tabawa ta rabu da shi tun rasuwar Malam Audi. Warin kifi da na man jirgi yana nan yadda ta bar shi. Mai kayan, Abdulwahid, jikan Hausawa ne haifaffen nan, ya rusuna ya gaida ta da Hausarsa mai ɗingishi, ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta ce ba zama ta zo yi ba.

Inji biyu ya nuna musu. Na farkon dogon akwati ne na ƙarfe mai sheƙi, rufe ruf. Ruwa ya shiga ta wannan gefe, ya fito ta wancan a cikin gora da murfinsa, hannu bai taɓa shi ba. Ga sauri, ga shi ba ya cin wuri. Na biyun kuwa tarkace ne a jere: tulun yashi, tulun gawayi, wata matata mai ramuka ƙanana da ido ba ya gani, sai fitila mai shuɗin haske da ke kashe ƙwayoyin cuta, sannan tanki. Tiyo ne ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Yana da nawa, yana cin ɗaki, kuma sai an riƙa kwancewa ana wankewa.

Tabawa ta leƙa tulun gawayin ta yi dariya. "Ashe duk bokon nan gawayi kuka komo? Da kun tambaye ni ai da na sayar muku."

Abdulwahid ya yi dariya har da riƙe ciki. Ganin ya saki jiki, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar saiwar jema da ta ƙullo tun daga gida, ta tambaye shi ta ina ake jefa ta. Ya ce ko an jefa, gawayin zai shanye ƙamshin tas, aikinsa ke nan. Ya tsiyayo mata ruwan injin a kofi. Ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Yana da tsabta," in ji ta. "Amma bai san kowa ba."

Ta koma wurin akwatin mai sheƙi, ta zagaya shi tana shafawa, ta duƙa ta leƙa ƙasansa duk da gwiwar da ke damunta. Sannan ta ce, "Ɗana, wanda ba shi da ko sisi fa, ta ina nasa ke fitowa?"

Abdulwahid ya kalli Hanan. Hanan ta ji kunya, ta ce, "Maman, c'est une usine, kamfani ne, ba masallaci ba ne." Ta zaɓi akwatin, kuma a lissafin sana'a ba ta yi kuskure ba. Aka ce za a kawo shi in an gama sa tayil. A hanyar komawa Tabawa ba ta tsokani yaron mota ba, ba ta yi wa direba faɗan gudu ba, ta dai riƙe jemarta a hannu har gida.

Washegari da la'asar ta kwashe ruwan randa ta ba shukoki, ta wanke ta ciki da waje, ta kife ta a tsakar gida. Wani mai baro ya zo ya tarar da gurbi a yashi, ya tsaya yana waige-waige, ya tafi. Tabawa tana kallonsa ta labule. Ranar ba ta ci abinci ba, ta ce goro ne ya cika mata ciki.

Delu ce ta fasa ƙwan. Ƙawar Tabawa ce tun zuwansu Abijan, ita ta riƙe ta ranar da aka fita da yaron, kuma Allah bai halicce ta da haƙuri ba. Ta shigo ta ga randa a kife, ba ta ko gaisa da Tabawa ba, ta wuce ɗakin gaba inda Hanan ke auna bango.

"Ke, ajiye igiyar nan. Kin san abin da kika sa uwarki ta kife?"

"Tanti, randa ce fa."

"Randar Sadi ce. Yayanki. Ruwa ya kashe shi, shi ya sa uwarki ta ƙare ƙuruciyarta a gaban murhu. Duk wanda ya sha a ƙofar nan, shi ake aika wa ladan. Kabarinsa ma ba mu san inda yake ba yanzu, an yi gine-gine, wannan tukunyar ita ce abin da ya rage mata."

Hanan ta zauna a kan buhun siminti. "Me ya sa ba ta faɗa mini ba? Sau ɗaya ma?"

"Da wane bakin? Ɗan fari ne. Ku 'yan Abijan komai sai an rubuta muku a allo. Labarin zuciya ai fuska ake tambaya, ke kuwa kina ta kallon inji."

Hanan ba ta je ta rungume uwarta ba, ko da yake abin da zuciyarta ta so ke nan. Ta dai gane cewa yin hakan zai tona abin da Tabawa ta yi shekaru tana rufewa. Sai ta koma Treichville ita kaɗai, ta ce wa Abdulwahid ta fasa akwatin, tarkacen take so. Ya ce mata za ta rasa sauri, kuma rabin ɗakin zai tafi. Ta ce ta sani. Ta tambaye shi ko za a iya fitar da ƙaramin tiyo daga bayan fitilar, inda ruwan ya gama tsarkaka, kafin ya shiga tanki. Ya ce a wannan kam ana iyawa, a wancan ne babu ƙofa.

Da aka zo haɗa inji, Tabawa tana tsakar gida tana jin ƙarar huda bango, tana mita cewa za su rushe wa marayu gida. Bangon gefe aka huda, can nesa da ƙofar kamfani, wajen inuwar mangwaro, inda masu duba tsabta suka ce ba ruwansu da abin da ke waje. Aka zuba sabon yashi. Hanan da kanta ta ɗauko randar, ba ta iya ɗauka a ka ba, sai rungumarta ta yi tana nishi, ta girke ta ƙarƙashin bakin tiyon. Sannan ta kira uwarta.

"Maman, buɗe. Na farko nan yake zuwa, sauran na gora ne."

Tabawa ta tsaya tana kallon ɗan famfon da ya leƙo daga bango. Ta murɗa shi, ruwa ya zubo siriri, randa ta fara amsawa da wannan ƙarar da ta sani. Ta kwance bakin zane ta jefa jemar. A nan babu gawayin da zai shanye ta.

Ba a jima ba wata mai sayar da ayaba ta sauke tirenta, ta ɗebi moɗa guda ta shanye, ta goge baki ta ce Allah ya kai ladan inda aka nufa. Tabawa ta ce amin a hankali.

Suka rage su biyu a gindin mangwaron. Hanan ta rage murya, ta harhaɗo Hausarta da kyau don kada ta yi tuntuɓe.

"Inna, Tanti Delu ta faɗa mini sunansa."

Tabawa ba ta juyo ba. Ta gyara zaman faifan a bakin randa, ta sake gyarawa, alhali ba abin da ya same shi.

"Ke ai ba ɗanki ba ne," in ji ta. "Bakinki ba a ɗaure yake ba."

"Sadi," in ji Hanan.

Tsohuwar ta dafa randar da hannu biyu. Rabon da wani ya kira sunan nan a gabanta tun Malam Audi na da rai.

"Ban ji ba," ta ce. "Kunnen ya tsufa. Sake faɗa."